Sulkan da Silifar Kiyai

Da a ce da baki ake karatu, da Sulkan ya sauke littattafan makarantarmu kaf tun makonsa na farko, har ya juyo ya koyar da malamai. Daga wani ƙauyen masunta ya zo, can bakin teku wajen Tuban, da akwatin kwali ɗaya da zanin ɗaurawa na maza guda biyu da labarai buhu-buhu. Ranar da aka kai shi ɗaki na tara, kafin ya shimfiɗa tabarmarsa ya sanar da ɗakin cewa ya taɓa kama kifin da sai da ƙarti takwas suka taru suka ɗaga shi. Washegari ƙartin suka zama goma sha biyu.

Nasikin, wani siririn ɗalibi da tabarmarsa ke kusa da tasa, wanda ba ya magana sai in za ta soki mutum, ya dube shi, ya kira shi da Kang, wato yaya, ya ce, "Kang Sulkan, kifin nan naka tun da ya mutu yake ƙara ƙiba. Me kake ba shi?"

Abin da Sulkan bai taɓa faɗa ba shi ne, ko jirgin ruwan da ke ɗaure a bakin gaɓa ya taka, sai ya amayar da abin da ya ci tun shekaranjiya. Kakarsa Mbah Sumirah, mai sayar da bandar kifi, ita ta raine shi, ita kuma ta kawo shi makarantar da sharaɗi ɗaya: shekara guda. In ta ga alamar amfani ya zauna, in ba ta gani ba ya koma jirgin kawunsa ya ja taru. Shi kuwa, duk da surutun banzansa, son makarantar yake har cikin ransa. Yana son hayaniyar ɗaki na tara, yana son shinkafar da ake zubawa a kan ganyen ayaba mutum goma su sa hannu, kuma ko da ƙaramin littafin nahawu ya tsaya masa a wuya wata bakwai, ya fara jin daɗin ranar da ya gane layi ɗaya.

Wata Juma'a layin waya ya zo kansa a ofis. Kakar ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Le, yarona, me ka koya?"

Sulkan ya tuna littafin nahawu, ya ji warin jirgin kawunsa a hanci. Sai bakinsa ya riga shi.

"Mbah, ai maganar karatu an wuce nan. Yanzu ni ke juya wa Kiyai silifa."

To, kowa ya san mene ne wannan. In Kiyai, wato babban malamin makarantar, ya shiga masallaci ya tuɓe silifarsa tana duban ciki, duk ɗalibin da ya riga ya juya ta ta dubi waje, don in ya fito ya zura ƙafa kawai, to ya kwashi albarka. Ɗalibi ɗari huɗu, silifa ƙafa biyu. Akwai waɗanda suka yi shekara shida suka tafi ba su taɓa ta ba.

"Kai ɗin?" in ji kakar. "Kullum?"

"Sau biyar a rana. In ba ni na juya ba, gara ya taka ƙasa."

"To madalla. Ranar ziyara, Lahadin sama, ina tafe. Gani ya kori ji."

Nasikin na bayansa a layi, ya ji komai. Da suka fito ya ce, "Kwana tara ke nan. In fara ɗaure maka akwati?"

"Kai dai ba ka san ni ba. Ni da nake tsere da igiyar ruwa? Gobe da azahar ka buɗe ido."

Washegari da azahar Sulkan ya zauna a sahun ƙarshe, dab da ƙofa, cikin masu farautar silifa. Kiyai na shafa addu'a, mutum bakwai suka zabura. Sulkan ma ya zabura, sai dai ya taka gefen zaninsa, ya wuce su duka a sama, ya sauka tsamo-tsamo a kududdufin simintin da ake wanke ƙafa a bakin ƙofa. Hularsa ta yi iyo ta kai ɗaya gefen. Kiyai ya fito, ya zura silifar da wani ya juya, ya dubi ruwan, ya dubi mai ruwan, ya wuce abinsa.

Nasikin ya tsuguna a bakin kududdufin. "An kama wani abu, Kang?"

"Zurfinsa nake aunawa. Haɗari ne ga yara, zan kai ƙara ofis."

Da yamma Sulkan ya tara 'yan ɗaki ya yi musu bayani cewa gudu na marasa ƙwaƙwalwa ne. Ranar Litinin da la'asar, ana yin sallama, ya dafe ciki ya sulale waje tun ba a fara wuridi ba. Ya tsaya a kan matakala yana duban takalma, nan ne wata matsala ta ɓullo: wata bakwai bai taɓa duban ƙafar Kiyai ba, domin ana cewa amin fuskarsa kicin take dubawa. Amma mai hankali ba ya rasa hanya. Ya hango wasu takalman fata baƙaƙe suna walƙiya, ya ce ai babu mai irin waɗannan sai babba. Ya ɗauka, ya goge su da hularsa, ya rungume su a ƙirji kada wani ya ƙwace.

Mai takalman, wani baƙo ne da ya zo tallar katifa, ya fito ya ga ƙato rungume da dukiyarsa.

"Ɓarawo! A masallaci! Jama'a!"

"Malam, sassauta murya, na Kiyai ne."

"Na ubana ne! Kawo!"

Suna cikin ja, kowa riƙe da wari ɗaya, Kiyai ya fito ya zura wata tsohuwar silifar roba koriya wadda dugaduganta suka siɗe, ya wuce ta tsakaninsu. Sai ga Kang Darmaji, shugaban masu horo, wanda almakashin aske masu laifi ba ya barin aljihunsa. Ya ba mai katifa haƙuri, sannan ya kama kunnen Sulkan.

"Ka ƙara ko sau ɗaya, kanka sai ya fi takalmin nan ƙyalli."

"Kang, gwada tsaron masallacin nake. Kuma na ga da gyara."

Wani zai haƙura daga nan, amma ba Sulkan ba. Ranar Asabar, ana gobe ziyara, ya zazzage akwatinsa ya zaro wani ƙullin zaren fatsa, fari siriri, da kyar ido ke ganinsa. Ya ja Nasikin bayan ɗaki inda ake shanya.

"Saurara ka ƙaru. Kiyai na shiga, zan ɗaura zaren nan a silifarsa ta hagu. Ina zaune a wurina, ana cikin wuridi, sai in jawo ta a hankali ta bin bango har gabana. Masu gudu su fita su tarar da wari ɗaya, su tsaya sororo. Ni kuma in taso cikin natsuwa, in haɗa, in juya, Mbah na kallo."

"Ƙafa ɗaya kawai?"

"Wanda ke riƙe da hagu ai shi ke da dama. Ka taɓa ganin Kiyai na ɗingishi da wari ɗaya?"

"In zaren ya tsinke fa?"

"Zaren da kifin ƙarti ashirin bai tsinka ba?"

"Au, sun kai ashirin?" Sannan Nasikin ya ce, "Kang, da ka gaya wa tsohuwar nan gaskiya kawai."

"Gaskiya jirgin ruwa za ta kai ni," in ji Sulkan, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

A nan dole a yi masa adalci. Abu ɗaya tak ya iya da gaske a duniya, shi ne ƙullin masunta da kakarsa ta koya masa, wanda in an ja shi ƙara cijewa yake.

Lahadi tun da hantsi farfajiya ta cika. Iyaye sun baza tabarmi ƙarƙashin itatuwan mangwaro, an buɗe kwanuka, ƙamshin soyayyar kaza da yaji ya gauraye ko'ina. Mbah Sumirah ta iso bayan ta canza mota uku, 'yar tsohuwa ƙarama da kwandon banda a baya. Ta matsa kumatun Sulkan ta ce bai rame ba, sannan ta zaɓi wurin da ke duban ƙofar masallaci sak. Kafin a buga gangar da ke sanar da azahar, babu matar da ke tabarmi goma na kewaye da ba ta san aikin jikanta ba.

Kiyai ya shiga. Sulkan ya yi jinkiri a matakala kamar mai gyaran alwala, ya ƙulla zaren a igiyar silifar hagu, ya bi da shi ta gindin bango, ya zauna a sahun ƙarshe. Tunda salla na bukatar hannu biyu, sai ya ƙulle ɗaya bakin zaren a naɗin zaninsa, a ƙugu, ya ja ya tabbatar ya cije.

Aka idar. Sulkan ya waiga ta ƙofa ya ga kakarsa ta miƙo wuya, sai ya ce bari a ƙara mata da nafila. Ya ɗaga hannu sama har ya fi na kowa, ya rufe ido, yana rangaji yana motsa baki. Lissafinsa wuridin Kiyai na cin kwatan awa guda, akwai lokaci. Abin da bai sani ba, ranar ziyara Kiyai gajarta wuridi yake don kada iyaye su yi ta jira. Ina zai sani? Duk ranakun ziyarar da suka wuce, ana sallama yake ficewa zagayen tabarmin mutane yana taya su cin kaza.

Yana cikin rangaji ya ji an ɗan fizge shi a ƙugu. Jikan masunta ne, ya san ma'anar wannan fizga. Ya buɗe ido. Masallaci ya fara watsewa, wani ya riga ya juya silifa, Kiyai ya zura, har ya sauka farfajiya yana tafiya.

Ba a kiran Kiyai daga baya. Ba a wuce shi, ba a miƙe tsaye ƙiƙam kusa da shi. Sulkan ya kai hannu ga ƙullin, ƙulli ya ce ai ni ne wanda ka sani. Zare ya sake miƙewa. Sulkan ya zabura ya fita, ya nemi silifarsa a matakala, ashe an are ta kamar kullum. Haka ya bi bayan Kiyai ba takalmi, a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, tsakaninsu taku goma. Kiyai ya tsaya, shi ma ya tsaya. Kiyai ya karkata, shi ma ya karkata.

Mbah Sumirah ta miƙe tsaye a kan tabarma. "Kun gani? Jikana ne! Duk inda ya sa ƙafa yana biye! Ku dubi ladabi!"

"Kai, Allah ya ba mu irinsa," in ji wata mata, ta dungure wa nata ɗan kai.

Kiyai ya ratsa ta tsakanin tabarmi yana gaisawa da iyaye, zaren da ba mai ganinsa yana shara a bayansa. Ya bi ta kan wata tabarma ya kifar da tukunyar miya. Ya ɗauke ludayi daga hannun wata mata ya jefar. Wani dattijo ya kai cinyar kaza baki ke nan, cinyar ta tashi ta bar shi da buɗaɗɗen baki.

"Karama!" in ji dattijon. "Kiyai na wucewa abinci na tashi!"

Sulkan na bi yana raɗa, "A yi haƙuri, a yi haƙuri," gumi na ɗiga ta haɓarsa. Ya hango Nasikin a jingine da mangwaro, ya yi masa alamar almakashi da yatsu biyu. Nasikin ya nuna masa Kang Darmaji, wato ga mai almakashi can, je ka karɓa.

Sulkan dai ya ƙarfafa zuciyarsa, ya ce gidan Kiyai ga shi nan kusa, yana tuɓe silifa a ƙofa shi ke nan. Sai dai Kiyai bai nufi gida ba. An gayyace shi walima a ƙauyen da ke gaba, tsohon kekensa na jingine a jikin bango. Ya tattara zani, ya hau, ya danna feda.

Daga nan tafiyar ladabi ta ƙare. Duk sanda ƙafar hagu ta yi ƙasa, sai ƙugun Sulkan ya yi gaba. Ya fara sassarfa, ya koma gudu, a sunkuye har yanzu, tsakuwa na cin tafin ƙafarsa.

"Har rakiya da gudu!" in ji Mbah Sumirah. "Ku dubi ƙauna!"

A bakin ƙofar makaranta Kang Darmaji ya tare shi, ya cafki wuyan rigarsa ta baya. "Kai mara kunya! Wa ya ce ana bin Kiyai da gudu?"

"Kang, sake ni! Don girman Allah sake ni!"

"In sake ka ka je ina?"

Zare ya miƙe ƙam. Ko dai silifa ta fita, ko zani, amma yatsun Kiyai shekara sittin suna riƙe silifa a cikin taɓon gonar shinkafa, ba yau za su saki ba. Naɗin zani ya warware, zanin ya zube, ya kwashe ƙafafun Sulkan ya zaunar da shi daɓas, sannan ya fice ya bi keke yana sharar ƙasa. Aka bar gwanin a gaban iyaye ɗari da wani gajeren wando na buhun fulawa, tambarin kamfanin ɓaro-ɓaro a mazaunai.

Farfajiya ta yi tsit. Sai muryar Mbah Sumirah: "Ni na ɗinka masa wannan!"

Ai kuwa wuri ya fashe. Ɗalibai na birgima, iyaye mata na rufe baki da mayafi, dattijon da ya rasa cinyar kaza har da hawaye. Kang Darmaji ma sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Kiyai ya ji nauyi a ƙafa, ya tsaya, ya sauka. Ya laluba ya kamo zaren, ya riƙa jawowa hannu bayan hannu har zanin ya iso. Ya ɗaga shi sama ya duba.

"Na yi kamun kifi da ƙuruciya," in ji shi, "amma ban taɓa kama mai ratsi-ratsi ba. Na wane ne?"

Aka kawo Sulkan barandar masallaci, ya ɗaura zaninsa, ya durƙusa kansa a ƙasa. Mbah Sumirah ta tuɓe silifarta a matakala ta hau, ta zauna nesa kaɗan. Jama'a suka kewaye.

"Kiyai, a gafarce ni," in ji ta. "Yaron nan ya ce mini shi ke juya maka silifa sau biyar a rana. Haka ne?"

Kiyai ya dubi Sulkan. Kowa ya zuba ido a ji sabuwar da zai ƙirƙiro, kuma wallahi tana bakinsa, har ta kai leɓe: gwada ƙarfin zare yake. Ya ɗaga ido ya ga fuskar tsohuwar, da ƙurar mota uku a mayafinta, sai ya haɗiye.

"Ƙarya na yi, Mbah. Ban taɓa juyawa ba ko sau ɗaya. Littafin nahawu ma ban gama ba. Kifin nan kuma..." ya waiga wajen 'yan ɗaki na tara, "a kasuwa na gan shi. Tsoron jirgi nake. Kuma ina son nan. Ina so in zauna."

Dariyar da ta rage ta mutu.

"Le," in ji kakar, "tun kana shekara huɗu ka ce mini kaguwa ce ta shanye sukari. Kana tsammanin na hau mota uku don na yarda? Zuwa na yi in ga ko akwai abin da ya canza." Ta share hanci da gefen mayafi. "Yau ne na fara jin ka ce ƙarya na yi ba a ɗauko maka muciya ba."

Kiyai ya duba ƙullin da ke jikin silifarsa, ya gwada kwancewa ya kasa. "Wanda ya iya wannan zai iya nahawu. Mbah, bar mana shi. Darmaji, mai da almakashinka. Tunda silifa yake so, daga yau duk silifar da aka tuɓe a ƙofar masallacin nan shi zai jera ya juya, salla biyar, kwana arba'in. Ban da tawa." Ya nuna matakala da haɓa. "Fara da waccan. Ta fi tawa albarka a gare ka."

Sulkan ya rarrafa ya sauka. Silifar kakarsa ce, ƙarama, ta siɗe har ana hango ƙasa ta dunduniya. Igiyar ɗaya ta tsinke an ɗaure ta da zaren fatsa, da ƙullin nan da ya sani. Shekara goma sha shida yana tsallake ta a ƙofar ɗakinsu bai taɓa dubanta ba. Ya goge ta da hularsa, ya juya ta da hannu biyu, ya kasa ɗaga kai.

Tsohuwar ta sauko, ta dafa kansa ta zura ƙafa.

"Shekara ɗaya kuma," in ji ta. "Tashi mu je, banda na hucewa."

Da la'asar Nasikin ya same shi a matakala, tsugune cikin tulin silifa ɗari takwas, yana neman abokiyar wata shuɗiya.

"Sannu da aiki, Kang. Yaya horo?"

"Horo? Kai dai ba ka gane ba. Kowa silifa ɗaya yake bi, ni Kiyai da kansa ya damƙa mini dubu biyu."

"Dubu biyu?"

Sulkan ya dubi tulin.

"Ɗari takwas," in ji shi. "Miƙo min waccan."